Ƙofar Baƙuwa

Duk wanda ya ce min ba a sanyi a Garwa, na san baƙo ne, ko kuwa bai taɓa yin alwalar asuba da ruwan randa a ƙarshen shekara ba. Zafinmu ne ya yi suna, ban musa ba, zafin da ke sa kaza ta buɗe baki tana haki a inuwa. Amma akwai wasu 'yan makonni da sanyi ke tasowa daga kogin Binuwai ya shige ƙashin mutum, kuma a waɗannan makonnin ne kakata take fito da kaskonta.

Dada muke kiranta, yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran uwa, ko da yake ita ba ta yarda ta zama Bafillatana ba ko na yini ɗaya. Kakanninta fatake ne daga ƙasar Kano, goro ya kawo su, suka ga wuri suka zauna. Har ta bar duniya tana gyara mana baki. In ka cusa mata Fillanci ta harare ka, in ka kawo mata Faransancin lekol, wato makarantar boko, ta ce ka je ka wanke bakinka ka dawo. Ni sunanta aka sa min, shi ya sa take ce min Takwara. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, mahaifina kuma dillalin shanu ne, kullum yana hanyar kudu, sai ya zama a ɗakin Dada na buɗe ido, a bayanta nake kwana.

Ɗakin ƙasa ne mai jinka, a ƙuryar gidan. In zafi ya matsa, Dada ba ta kokawa. Randarta na binne rabi cikin yashi mai laima a bayan ƙofa, ta jiƙa tsohon zane ta rataya a bakin shiga, ta ɗauki maficinta na kaba ta miƙe ƙafa. Mutane kan shigo gaisuwa su manta da tafiya. In sauro ya yi yawa ta jefa ganyen dogon yaro a garwashi, in baƙi za su zo ta sa turaren wuta. A can sama kuwa, inda bango ya kusa haɗuwa da jinka ta gabas, akwai wata kafa kamar faɗin faifai. Ba taga ba ce, ba a leƙe ta nan, ba ta da murfi. Dada na kiranta ƙofar baƙuwa. Na taɓa tambayarta wace baƙuwa ce ke shigowa ta sama kamar ɓarauniya.

"Wadda in ba ta zo ba, ke ma ba ki kwana," in ji ta. "Ki dai ci gaba da surutu, Takwara, wata rana ƙadangare zai shige bakin nan."

Lokacin sanyi, da an idar da magariba, sai ta hura gawayi a tsakar gida. Ba ta shigar da kasko ɗaki sai hayaƙin ya gama fita, garwashin ya yi jawur. Sa'an nan yaran gidan su taru, da 'ya'yan Baffa da na maƙwabta, kowa ya naɗe cikin zanensa, a kewaye kaskon ana ture-ture. Ta zuba mana gyaɗa a toka mai zafi, mu riƙa tsamowa muna ƙona yatsu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta zauna." In ta gama ta kaɗe hannu ta ce, "Ta tashi ta tafi, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi asara." Daga nan ta sa a fitar da kaskon waje, ko ana sanyin me, sa'an nan a ja ƙofa. Ban taɓa ganin ta kwana da wuta a ɗaki ba.

Tana da tari, wannan ba zan ɓoye ba. Tari ne mai nacin tsiya, in ya taso mata sai ta dafa bango. Kuma ta nan ne Baffa Sule ya samu hanyar shigowa.

Baffa Sule yayan mahaifina ne, shi ne ɗan farin Dada, shi ne maigidan. A shekarun nan da aka sauya hoton shugaba a bangon ajinmu, kasuwa ta buɗe masa. Yana shigo da atamfa da rediyo ta Mayo-Ulo, ya kai har Kuseri ya sayar, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Ba mugu ba ne, wallahi da mugu ne da na fi samun sauƙi. Mutum ne wanda in ya yi niyyar yi maka alheri, to ka shiga uku, don ba zai tambaye ka ba, kuma ba zai saurare ka ba. Ya kai Dada asibiti, likita ya ce hayaƙi ne ke cin ƙirjinta. A kasuwa kuma wani ya yi masa gori, wai Alhaji guda uwarsa na kwana a ɗakin ciyawa. Ban san wanne ya fi ƙona shi ba, amma ina da zato.

Ga kuma inda matsalar take. Shi ɗan fari ne, Dada kuwa mace ce ta da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi magana baki da baki. In ya zo gaishe ta da safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice. In tana da saƙo, ni ce ɗan aike. "Takwara, ki gaya wa mutumin nan..." Shi kuma ya ce, "Ki gaya wa Dada..." Suna iya jin numfashin juna, amma sai maganar ta bi ta bakina. A unguwa yabonta ake yi, ana cewa kunyarta ba irin ta matan yanzu ba ce.

Da aka zo rushe ɗakin, Dada tana gidan biki a wata unguwa. Da gangan aka jira ta fita. Muka dawo muka tarar da jinka a ƙasa, awaki na ci. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sai ta sunkuya ta ciro randarta daga yashi da hannunta.

Sabon ɗakin ya yi kyau, kowa ya faɗa. Bulo da siminti, rufin kwano, silin fari tas, ƙofar ƙarfe, da taga ta gilashi da aka kafe cikin bango, don haske kawai, ba ta buɗewa. A jikin bango kuma aka huda aka cusa wani akwatin ƙarfe, rabinsa ciki rabinsa waje. Kilima, na'urar sanyaya ɗaki. A duk layinmu ba mai ita. Sabuwar madatsar Lagdo ta fara ba da wuta, kowa na cewa duhu ya ƙare a arewa. Ranar da aka kunna, matan unguwa suka yi layi suna shiga suna fita, suna "Kai! Kai! Wannan ai Makka ce!" Dada ta shiga daga ƙarshe. Ba ta dubi akwatin ba. Sama ta duba, ta gabas, ta bi bangon da ido har ta kewayo.

"Takwara, ki tambayi mutumin nan, ina ƙofar baƙuwa?"

Baffa na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, haƙorin nan na walƙiya. "Ki gaya wa Dada an wuce zamanin rami a bango. Iska na sayo mata, ga ta nan a akwati. In ta so ta danna, in ta gaji ta kashe."

"Iska kuma ake saye?" Dada ta faɗa wa bango. Matan suka kwashe da dariya, suna zaton raha take.

Ni dai ba zan yi ƙarya ba, na so kilimar nan da farko. Wace yarinya ce ba za ta so ba? Sai dai Dada ba ta iya zama da ita a kunne, ta ce tana busar mata da maƙogwaro tana sa mata ciwon gwiwa. In an kashe kuma, ɗakin ya koma tukunya. Ga masu wuta, da suka yi mana alkawarin aljanna, sun fara halinsu tun ba a je ko'ina ba. Su ɗauke kuran, wato lantarki, da rana tsaka, lokacin da kwano ke ƙara don zafi, su tafi abinsu. Mu buɗe ƙofa, amma ko labule ba ya motsi. Dada ta ce baƙuwa ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Randa ba inda za a binne ta, ƙasan siminti ne, ruwanta ya koma kamar na wankan jego. Na sha farkawa in ga tsohuwar nan zaune tana fifita, zufa na bin wuyanta, ga akwatin Alhaji a bango ya yi shiru kamar gawa.

Wata rana da Baffa ya yi tafiya Kuseri, ta ce in mirgino turmi. Ta kifa shi a jikin bangon gabas, ta ɗauko taɓarya, ta hau. Tsohuwa mai tari, a kan turmi, tana dukan bulo! Ina riƙe da ƙafafunta ina kuka ina dariya. Inna Hajara, matar Baffa, ta fito a guje tana tafa hannu.

"Innalillahi! Dada, don Allah ki sauko! Me zan ce wa Alhaji?"

"Ki ce masa ɓera ne," in ji Dada, ta ƙara kai duka.

Kafin la'asar ta fasa. Rami ne mummuna, baki duk a karkace, amma da ya buɗe na ji wani abu ya taɓa min goshi, labulen ƙofa ya ɗaga. Dada ta sauko ta zauna tana haki, ta ce, "Sannu da zuwa." Ba da ni take ba.

Bai yi mako ba. Baffa ya dawo, ya gani, ya sha mur. Wai sanyin kilima na zurarewa ta nan, wai mai gyara ya ce injin zai ƙone, wai sauro, wai mutane za su ce me. Ya kira magini aka liƙe, aka shafe, aka yi fenti, ya kuma sa aka ɗauke turmin zuwa madafa. Sa'an nan ya kira ni.

"Ki gaya wa Dada, ramin don hayaƙi ne. Likita ya hana wuta a ɗaki. Ba wuta, ba hayaƙi, to ramin na mene ne? In sanyi ya zo zan kawo mata bargo."

Ya kawo kuwa, manya, masu zanen damisa. Na kai saƙon. Dada ta yi tsaki, ta ce, "Ki gaya masa na gode." Abin da ta ce ke nan. Na gode! Har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu.

Sanyi ya zo. Yara suka fara zagaye ɗakin da magariba, suna leƙe. Dada ta hura kaskonta kamar kullum, amma ko da wasa ba ta nufi ɗaki da shi ba. A tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, a fili, inda sanyin kogi ke dukan bayanta. Inna Hajara ta ce ta shiga ciki mana, Alhaji ba zai ce komai ba in na ɗan lokaci ne. Dada ta ce ba Alhaji take tsoro ba. Haka muka yi ta yi, gaba na gasuwa baya na daskarewa, tarinta na ƙaruwa.

Wani maraice Baffa na zaune a kan kujerarsa a ƙofar ɗakinsa yana murɗa rediyo, tazarar da ko raɗa aka yi zai ji. Dada ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

"Ta shigo ta zauna!"

Ta ce wai Wuta da Iska 'yan'uwa ne, ciki ɗaya, Wuta ce babba. Akwai wani attajiri mai jin sanyi, ya je ya nemi auren Wuta. Iyayenta suka ce sun ba shi, ba sa son sadaki mai yawa, sharaɗi ɗaya ne: kada ya hana ƙanwarta zuwa. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Aka kai amarya, gida ya yi ɗumi, tuwo ya nuna, attajiri har ya yi ƙiba. Sai dai Iska ba ta da ta-ido. Ba sallama take shigowa, ta ture masa hula, ta ɗaga masa riga a gaban baƙi. Abin da ya fi ci masa rai, duk ranar da aka soya nama sai ta kwashi ƙamshin ta kai wa maƙwabta, kafin a sauke sun cika zaure suna gaisuwa. Nan muka yi dariya, don Dada ta kwaikwayi yadda suke shigowa suna shaƙar hanci.

Attajiri ya ce ya gaji. Ya samo tsumma ya toshe ƙasan ƙofa, ya kwaɓa laka ya liƙe duk wata kafa, har wadda tururuwa ke bi. Iska ta zo ta zagaya ta zagaya, ta yi ta kuka a waje, ba hanya. Wuta ta ce, "Maigida, ina ƙanwata?" Ya ce, "Ta yi tafiya." Wuta ba ta yi faɗa ba, ba ta tashi sama ba, ba ta ƙona ko tsinke ba. Sai ta sunkuyar da ido, ta yi laushi, ta ce, "To kawo kanka nan in yi maka waƙa." Dada ta rage murya ta rera, tana kaɗa kai:

"Kwanta, maigida, kwanta,
Ƙanwata na bakin ƙofa.
Kwanta, maigida, kwanta,
Ba ni na rufe ba."

Attajiri ya ji kansa ya yi nauyi, ya ji daɗi, ya ce bai taɓa samun barci irin wannan ba. Da safe maƙwabta suka ji shiru, suka ɓalle ƙofa. Iska ce ta fara kutsawa. Wuta ta miƙe jawur ta rungume ta, suna ta murna. Attajiri kuwa yana kwance, ko gashin gemunsa bai ƙone ba, amma bai tashi ba.

Ba wanda ya yi dariya. Ƙaramin ɗan Baffa ya ce, "Dada, ashe Wuta muguwa ce?"

"Ba muguwa ba ce. Ita dai ba a barin ta ita kaɗai da mutum." Ta kaɗe hannu. "Ta tashi ta tafi, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi asara."

Baffa ya kashe rediyo. Na ɗauka ya gane, wallahi har zuciyata ta yi sanyi. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce, "Ki gaya wa Dada ta daina tsorata yara, kuma raɓa na sauka, ta shiga ciki." Ya wuce masallaci.

Ba a daɗe ba ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita. Zazzaɓi, numfashi da ƙyar, murya ta dishe har ta ɗauke gaba ɗaya. Aka kai ta asibiti aka yi allurai, aka ce a dawo da ita gida a kiyaye ta da sanyi. Kalmar nan ce ta zauna a kan Baffa: sanyi. Ya rame a kwanakin nan, na gan shi yana share ido a bayan ɗaki, ba zan hana shi wannan ba.

Ranar da abin ya faru, bayan sallar asuba, an yi sanyin da ban taɓa ji ba. Dada na rawar ɗari a ƙarƙashin bargunan damisa. Baffa ya shigo, karo na farko da na ga ya ƙetare bakin ƙofarta ya tsaya a kanta. Ya taɓa ƙafarta ya ji kamar ƙanƙara.

"Hajara! Kawo wuta. Cika kaskon."

Shi da bakinsa, shi da ya ce ba wuta. Inna Hajara ta shigo da kasko cike, gawayin ko gama kamawa bai yi ba, baƙi ya fi ja yawa. Ta ajiye kusa da gado. Baffa ya ja ƙofar ƙarfe, ya tura tsohon buhu a ƙasanta da ƙafa.

Na ce, "Baffa, Dada ba ta sa wuta a nan."

"Yau lalura ce."

"To a bar ƙofa."

"Sanyin ne ya kwantar da ita, ke kuma ki ce a bar ƙofa? Ga kilima nan, iska na shiga ta cikinta." Kilimar da rabonta da a kunna tun ƙarshen damina, an ma lulluɓe bayanta da leda.

Dada ta buɗe ido. Ta ga kaskon. Ta ga ƙofar. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Sai ta zaro hannun dama daga bargo, da ƙyar, ta miƙe manuniya ta ɗaga sama. Na bi yatsan da ido. Bangon gabas yake nunawa, can sama, daidai inda fentin ya ɗan fi sauran haske.

Inna Hajara ta dafe ƙirji. "Allahu akbar! Alhaji, shahada take yi!"

Baffa ya durƙusa. "La'ilaha illallah. La'ilaha illallah, Dada."

Na ce, "Ba shahada ba ce! Ramin take nunawa! Ƙofar baƙuwa! Ku buɗe, Wuta za ta yi mata waƙa!"

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. "A wannan lokacin za ki kawo mana tatsuniya? Uwata na kiran Allah kina cewa rami?" Ya ɗauke ni cak, ya fitar da ni, ya mayar da ƙofa. Na yi ta dukan ƙarfen nan da hannu da ƙafa, ina ihu, har wata maƙwabciya ta zo ta ja ni gidanta, tana cewa yarinya ta ruɗe, a yi mata uzuri, ita ta rene ta. Ta riƙe ni a cinyarta ta hana ni motsi.

Abin da ya biyo baya a bakin Inna Hajara na ji. Ta ce yatsan ya daɗe a sama, sa'an nan ya sauka a hankali. Rawar ɗarin ta tsaya, numfashi ya lafa, Dada ta samu barci mai daɗi. Suka ce alhamdu lillahi, suka fito a hankali suka ja mata ƙofa don ta huta. Inna ta ce ita kanta da ta fito sai da ta dafa bango, kanta na sarawa, har ta yi amai a bayan madafa, ta ce tashin hankali ne. Baffa ma ya kwanta da ciwon kai. Da hantsi aka shiga kai mata kunu.

Na girma, na yi aure, na haifa, na aurar. An gaya min sunan abin da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, da Faransanci, na manta, ban ma so in riƙe ba. Na san ciwonta mai tsanani ne, mai yiwuwa ko an buɗe ƙofar ba za ta kai bazara ba. Na yarda kwana na hannun Allah, kuma ina roƙon Ya karɓi yatsan nan a matsayin da suka ba shi, don Dada ta yi shahada sau dubbai da bakinta lokacin da take da murya. Amma kada wanda ya ce min in daina jin haushi. Ina jin haushin Baffa, da bai taɓa tambayar uwarsa me take so ba. Ina jin haushin wanda ya yi masa gori a kasuwa, da matan da suka yi layi suna cewa Makka ce.

Ita ma Dada ban ƙyale ta ba. Shekaru na ɗauka tatsuniyar nan a kan wuta take, sai daga baya na ga har da ita a ciki. Ta san abin da zai iya kashe ta, ta san shi sarai, amma ta naɗe shi cikin waƙa ta miƙa wa yara, don kunya ba ta bar ta ta dubi ɗan da ta haifa ta ce, "Sule, buɗe ramin nan, in ba haka ba mutuwa zan yi." Magana ɗaya! Ta iya hawa turmi da taɓarya, amma ba ta iya wannan ba. Shi ya sa ni ɗan farina sunansa nake kira, gatsal, a gaban kowa, in dube shi cikin ido in gaya masa abin da ke raina. Matan unguwa na cewa ba ni da kunya. Su daɗe suna faɗa.

Baffa Sule na nan da ransa, ya tsufa tukuf, kasuwa ta daɗe da watsewa, ido ya tafi. Sau ɗaya na sake tayar masa da maganar, bayan na yi aure. Ya ce, "Ke yarinya ce lokacin, ba ki san abin da kika gani ba." Ban ƙara ba. In na ƙwace masa wannan, ban san abin da zai rage masa ba.

Kwanan baya aka yi sunan jikanyarsa, aka mayar da sunan Dada. Bayan an watse daga zaure aka kawo shi cikin gida, mata da yara suka kewaye shi. Ya ba da labarin kamar yadda yake bayarwa a kowane taro, yadda murya ta ɗauke amma yatsa bai gaza ba, yadda ta yi barci kamar jaririya. Ya ɗaga nasa yatsan yana nunawa, hawaye na bin gemunsa. Sa'an nan ya buɗe tafuka ya ce, "Allah Ka ba mu irin cikawar Dada."

Gidan gaba ɗaya ya amsa. Ni kaɗai ce ban ce amin ba.